Daga Kantun Gishiri zuwa Buhun Albasa: Tarihin Hukuma da Farashin Amfanin Gona a Ƙasar Abzin

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A daidai wannan lokaci da jama'ar Anu Araran da maƙwabtansu suka hallara domin bikin cikar wannan sarauta shekara ɗari, ya kyautu a waiwayi wani ɓangare na tarihi wanda ba a cika kawo shi a fagen biki ba, alhali kuwa shi ne ya fi shafar tukunyar kowane gida. Wannan ɓangare shi ne tarihin dokoki da tsare-tsaren da hukumomi suka shimfiɗa a kan farashin amfanin gona da abin da manomi ke samu, tun daga zamanin Nasara har zuwa yau.

Mutumin Abzin yakan shiga kasuwa da buƙata biyu. Hatsin da iyalinsa ke ci ba ya nuna da ruwan damina a ƙasarsa, tilas sai ya saye shi daga kudu. Abin da zai sayar ya biya kuɗin hatsin kuwa, ko dai gishiri da dabino, ko dabba, ko amfanin garka. Saboda haka arzikinsa ya rataya ne a kan musayar da ke tsakanin waɗannan biyun. Wanda ya bi tarihin shekara ɗarin nan zai tarar hukuma ta taɓa tsayawa ga farashin gyaɗa, ta kuma tsaya ga farashin hatsi, amma farashin abin da garaken Abzin ke fitarwa an bar shi a hannun kasuwa.

Zamanin ayari

Kafin zuwan Nasara, ayari ne ke ciyar da Abzin. Da kaka ayarin Kel Ewe da sauran ƙabilu yakan ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da hatsi, a musanya shi da kantun gishiri da beza da dabino. Bayan dawowa da ɗan hutu, sai a nufi kudu, Damargu da Tasawa da Damagaram, har Katsina da Kano, a sayar da gishiri a sayi hatsin shekara da tufafi. Raƙuma suna kiwo a gonakin da aka girbe suna zuba musu taki, masu gonaki kuma suna saukar da baƙinsu na shekara-shekara. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Agadas a shekarar 1850, da irin wannan ayari ya gangara zuwa Damargu, kuma ya bar bayanin girmansa a rubuce.

A wancan zamani babu ofishin da ke yanka farashi. Damina ce ke yanka shi, da zaman lafiyar hanya. In an yi albarka a kudu, kantu guda ya kawo hatsi mai yawa. In an yi fari ko fara ta sauka, kantu ya rasa daraja. Aikin Sarkin Abzin da Anastafidat da manyan tambura shi ne tsare hanya da sasanta masu ayari da sarakunan kudu. Garaken da ke bakin ƙoramu, inda ake ɗaga ruwa da takarkart, wato guga mai hanci da sa ko raƙumi ke ja, suna ba da alkama da masara da ɗan kayan miya ne domin cin gida.

Zamanin Nasara da rumbun tilas

Nasara sun kafu a Agadas a farkon ƙarni na 20, suka shiga ƙwace raƙuma domin ɗaukar kayansu. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta zo ta ƙara wa jama'a ƙunci. A watan Disamba na 1916 Kawsan da Sarkin Abzin Tagama suka kewaye barikin Agadas, har zuwa watan Maris na 1917 da aka kawo wa Nasara gudummawa daga kudu. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni ƙwarai: an kashe malamai da bayin Allah, an kwashe dabbobi, an tilasta wa mutanen duwatsu barin ƙoramunsu, garake suka bushe. Sai a shekarun 1920 jama'a suka riƙa komawa sannu a hankali, ana sake haƙa rijiyoyi, ayari kuma yana farfaɗowa. A cikin wannan zamani na sake tsugunawa ne shekara ɗarin da ake biki ta soma, lokacin da aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, aka kuma mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Tsarin farko da Nasara suka kawo game da noma shi ne ƙungiyoyin tanadi da ake kira SIP, waɗanda aka yi wa doka a Afirka ta Yamma ta Faransa tun 1910. Kowane mai biyan haraji yana biyan kuɗin ƙungiya tare da harajinsa, ko yana so ko ba ya so, kumandan kuma shi ne shugaba. Da kuɗin ake ba da rancen iri, ana haƙa rijiyoyi. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta haddasa a yammacin ƙasa kuma ta kashe dubban mutane, hukuma ta tsananta dokar rumbun tsimi: kowane magidanci ya zuba wani kaso na hatsinsa a rumbu, a rufe, ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Manufar ba ta da aibi, amma yadda aka gudanar da ita ya sa talakawa suka tsane ta, domin sau da yawa mai hatsi yana jin yunwa yana kallon rumbunsa a liƙe, wani lokaci kuma a buɗe a tarar ƙwari sun cinye. Masu sarauta aka ɗora wa aikin ƙirga da tsaro, abin da ya jefa su tsakanin umurnin kumandan da kukan talakawa. Shi ya sa ƴan siyasar farko, bayan an soke aikin tilas a 1946, suka sa soke rumbunan nan cikin manyan buƙatunsu.

Zamanin gyaɗa

Abin da ya fi damun Nasara shi ne gyaɗa, domin masana'antun mai na Faransa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912 gyaɗa ta zama abin kuɗi a ƙasar Hausa, daga shekarun 1930 kuma ta bazu a Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamaye. Hukuma ce ke sa ranar buɗe ciniki da kasuwannin da za a yi awo, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna saye ta hannun dillalansu, waɗanda daga cikinsu ne manyan alhazan Maraɗi suka taso. Abzinawa ma sun ɗanɗani wannan ciniki, domin raƙumansu sun yi shekaru suna dakon gyaɗa zuwa wuraren awo, kafin manyan motoci su karɓe aikin.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta mai da cinikin gyaɗa hannun ƙasa. A 1962 aka kafa SONARA, wadda ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, da UNCC domin ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma da rance, da COPRO-Nijar domin kayan masarufi. A 1967 aka ƙara da asusun rancen noma na CNCA. Kowace shekara gwamnati ke shelanta farashin kilo kafin a buɗe ciniki. Akwai kuma asusun daidaita farashi, wanda aikinsa shi ne ya riƙe rarar da aka samu a shekarar da kasuwar duniya ta yi kyau, ya cike giɓi a shekarar da ta faɗi, domin kada manomi ya ji girgizar kai tsaye. Daga 1966 aka soma barin manoma su gudanar da kasuwannin ƙungiya da kansu, su yi awo, su riƙe lissafi, a ƙarshen ciniki a mayar musu da ribar da ta rage. A kakar 1966 zuwa 1967 an sayi kimanin ton 190,000 na ɓararriyar gyaɗa, kuma a shekarun nan gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga waje.

Sai dai ginshiƙin wannan gini yana hannun wasu. Faransa tana sayen gyaɗar ƙasashen da ta mallaka a kan farashin da ya fi na kasuwar duniya. Yarjejeniyar Yawunde ta 1963, wadda ta haɗa ƙasashen Afirka da Kasuwar Tarayyar Turai, ta tanadi janye wannan fifiko, aka kuwa janye shi a 1967. Abin lura shi ne, a daidai shekarun nan ne Turai ta kafa nata tsarin tallafa wa manomanta, wanda ya soma aiki a 1962, kamar yadda Amurka ta yi tun 1933. Wato masu ƙarfi sun kare nasu manoman, manomin Magarya kuwa aka ce ya yi gogayya da kasuwar duniya. Farashin da ake ba shi ya ragu, haraji bai ragu ba, ƙasa kuma ta gaji.

Rabon Abzin a wannan zamani doka ce guda. Dokar 26 ga watan Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa: daga wannan layi zuwa sama ƙasar kiwo ce, ba a buɗe sababbin gonakin damina, amma an bar wa makiyaya ɗan noman cin gida da noman dausayi. Dokar ta kare makiyaya daga mamayar gonaki, wannan kuwa alheri ne. Amma ta sa ofisoshin Yamai suka daɗe suna kallon jahar Agadas a matsayin ƙasar dabbobi kawai, mai garka bai shiga lissafin manoma ba.

Fari da OPVN

Daga 1968 ruwa ya soma ƙaranci. A 1970 aka kafa OPVN, ofishin cimaka na ƙasa, aka ɗora masa aiki biyu: ya sayi hatsi da kaka a kan farashin da ba zai cuci manomi ba, ya sayar da bazara a kan farashin da ba zai cuci mai saye ba. Farin 1973 ya fi ƙarfin ofishin. Makiyayan Abzin da Azawak sun yi hasarar mafi yawan dabbobinsu, wasu suka tsuguna a gefen Agadas, wasu suka kai sansanin Lazare a Yamai, wasu suka ƙetare zuwa Najeriya da Aljeriya da Libiya. Zargin karkatar da taimakon cimaka yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga watan Afirilu 1974, da Seyni Kunce ya karɓi mulki.

Kunce ya zo a kan gaɓar da kuɗin uraniyom ke shigowa, domin SOMAIR ta soma fitar da shi a Arlit tun 1971, COMINAK kuma ta biyo baya a Akokan a 1978. Da wannan kuɗi aka ƙara farashin da ake ba manoma, aka sauƙaƙa taki da magani da garmar shanu, aka ba makiyaya rancen dabbobi domin su sake kafa garke, aka sauke wa talakawa harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, aka kafa ONAHA a 1978 domin manyan filayen ban ruwa. Gyaɗa dai ba ta sake tashi ba, musamman bayan cutar da ta lalata ta a 1975. Manoma suka koma hatsi da wake.

A kan hatsi kuwa, hukuma ta so OPVN da ƙungiyoyi su zama su kaɗai ne masu saye da kaka, har aka riƙa yanka wa garuruwa adadin da za su kawo, ta hannun masu sarauta. Amma sau da yawa farashin hukuma yana ƙasa da na kasuwa, sai manomi ya ɓoye hatsinsa ya sayar wa ɗan kasuwa da dare, ko ya tsallakar da shi iyaka. Hatsi mai rahusa kuma ya fi isa ga ma'aikata da sojoji da mazauna birane. Duk da haka, ga jahar da ke nesa kamar Agadas, magazan OPVN ya zama abin dogaro, domin buɗe shi kaɗai yakan sa ƴan kasuwa su sassauta.

Kwal da hanya

A nan ne Anu Araran ta shigo tarihi da sunanta. Kalmar anu a Tamajak tana nufin rijiya, kuma wurin mashayar makiyaya ne kafin a gano kwal a ƙarƙashinsa. An kafa SONICHAR a 1975, aka soma haƙar kwal a 1980, tashar lantarki kuma ta soma aiki a 1981, tana ba ma'adinan Arlit da Akokan wuta, da Agadas da Cirozerin. A daidai wannan lokaci aka kammala hanyar kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit.

Waɗannan ayyuka domin uraniyom aka yi su, amma sun yi wa mai garka abin da wata dokar noma ba ta yi masa ba: sun kawo masa masu saye. Dubban ma'aikata masu albashi suna buƙatar dankalin turawa da tumatir da albasa da lemu, mota kuma tana iya kai su kafin su lalace. Makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu suka riƙa haƙa rijiyoyi a bakin ƙoramar Telwa da ta Cirozerin da sauransu, su kafa takarkart. Ayyukan taimako na Jamusawa da na wasu ƙungiyoyi sun gyara hanyoyin duwatsu zuwa Timiya da wasu ƙauyuka, suka ɗaure rijiyoyi da siminti. Garka ta tashi daga abin cin gida ta zama sana'a.

Janyewar hukuma

Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa yawa. Taron Damagaram na watan Nuwamba 1982 ya yarda cewa manyan ayyukan karkara ba su kai ga manomi yadda aka zata ba. Daga 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, sharaɗinsu kuwa shi ne hukuma ta fita daga ciniki. Aka sakar wa ƴan kasuwa cinikin hatsi, aka taƙaita aikin OPVN ga ajiyar ko-ta-kwana ta ton 80,000, aka rage tallafin taki. An rushe UNCC a 1984, SONARA da CNCA kuma suka durƙushe kafin shekarun su ƙare. Najeriya ma ta soke nata hukumomin sayen amfanin gona a 1986.

Wannan sauyi ya haɗu da farin 1984, shekarar da Najeriya ta rufe iyakokinta, har mutanen Maraɗi suka laƙaba wa yunwar sunan shugaban Najeriya na lokacin. Kunce ya yi alkawarin cewa ba ɗan ƙasar da yunwa za ta kashe ko da za a ƙarar da kasafin kuɗin ƙasa, ya kuma ƙaddamar da gangamin noman rani a duk faɗin Nijar. Abin da sauran jahohi suka shiga koyo a shekarar, Abzin ta daɗe da saninsa. Tun daga lokacin hukuma ta daina yanka farashin amfanin gona. Abin da ta kafa a 1989 shi ne tsarin sa ido a kan kasuwanni da na gargaɗin yunwa, aka riƙa karanta farashin hatsi a rediyo domin manomi da mai saye su sani.

Dokar karkara da zamanin albasa

Shekarun 1990 sun zo da tawaye, wanda ya tsayar da zirga-zirga har aka sa hannu a kan yarjejeniyar 24 ga watan Afirilu 1995. Sun kuma zo da dokoki masu muhimmanci. Dokar 2 ga watan Maris 1993 ta shimfiɗa ƙa'idojin dokar karkara: ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda a kan ƙasa, ta amince wa makiyayi da fifikon amfani a mazauninsa na asali, ta kafa kwamitocin kula da filaye waɗanda masu sarauta ke zama a ciki. Dokar 1996 ta ba manoma ƴancin kafa ƙungiyoyinsu ba tare da hukuma ta tsara musu ba, ta 2010 kuma ta tabbatar da ƴancin yawon kiwo. Karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 ta tsadantar da taki da injuna, amma ta sa albasar Nijar ta fi ta Turai araha a kasuwannin gaɓar teku.

Da injin ban ruwa ya maye gurbin takarkart, sai masu garaken Tabelot da gindin Bagzan da Dabaga da sauran ƙoramu suka gano wata dama. Albasar Galmi da ta sauran yankin Tawa da rani take fitowa. Sanyin duwatsun Abzin kuwa yana ba da damar noma ta da damina, a cire ta daga kaka zuwa farkon hunturu, lokacin da ta yi ƙaranci a Abijan da Akara da Kumasi da Kwatano. A shekarun 2000 albasa ta gina gidaje, ta sayi motoci, ta kai mutane Makka. Ƙungiyoyi irin su UCMA, haɗakar masu garaken Abzin, suka ɗauki nauyin tara kaya da neman mota da sasanta farashi da baƙin ƴan kasuwa.

Amma wannan arziki ba shi da asusun daidaita farashi irin na gyaɗa. Mai garka yakan ci bashin iri da mai da taki daga ɗan kasuwa, a biya da albasa ranar cira. Ciniki da buhu ake yi ba da sikeli ba. Albasar damina ba ta jure ajiya, saboda haka in motoci sun yi jinkiri, ko kowa ya cire a mako guda, tilas a sayar ko nawa aka taya. Rikicin ƙasar Kwaddibuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011, da tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009, da ambaliyar watan Satumba 2009 da ta share garake da gidaje a Agadas, kowanne ya nuna cewa hasarar a kan mai garka take sauka.

Daga 2005 zuwa yau

Bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, buhun hatsi mai kilo 100 ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni a daminar 2005. Gwamnatin Mamadu Tanja ta fitar da hatsi a kan farashi mai rahusa na jika 10, amma da yawa ba su da ko wannan, sai daga baya aka shiga rabon kyauta. A watan Maris na shekarar ne kuma jama'a suka rufe birane domin ƙin harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan masarufi. A 2008 hukuma ta sayi wake ta hannun OPVN a kan farashin da ya ɗara na kasuwa domin tallafa wa manoman kudu. A 2010 gwamnatin Salu Jibo ta fito fili ta amsa cewa akwai yunwa, aka sayar da buhu jika 13, aka kawo dusar dabbobi mai rahusa, aka sayi raunanan dabbobi daga makiyaya kafin su mutu.

A zamanin Mahamadu Isufu aka buɗe bankin noma na BAGRI a 2011, aka amince da shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar a 2012, wanda ya tanadi gidan manomi a ƙananan hukumomi, aka kafa asusun FISAN a 2017. Jahar Agadas ta samu shirin raya noma na Irhazer da Tamesna da Abzin, wanda kamfanin uraniyom na Faransa ya zuba wa kuɗi. Dokar ma'adinai ta 2006 kuma ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ake samu. Duk waɗannan sun taimaka wajen ruwa da iri da rance, wato ɓangaren samar da amfani. Ɓangaren sayarwa ya ci gaba da zama a hannun kasuwa.

Ranar 31 ga watan Maris 2021 aka rufe COMINAK, masu sayen kayan garka a Akokan suka ragu. Bayan sauyin mulki na 26 ga watan Yuli 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO da rufe iyakar Benin suka tsawaita hanyar albasa zuwa teku, cimaka kuma ta yi tsada. A watan Oktoba 2024 hukuma ta hana fitar da hatsi waje in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. Mataki irin wannan yana sauƙaƙa wa mai saye a Abzin, yana kuma rage abin da manomin Damargu ke samu, wanda shi ne tsohon abokin cinikinsa. Wannan ita ce matsalar da OPVN ya tarar tun 1970, ta yadda za a gamsar da mai noma da mai ci a lokaci guda.

Kammalawa

A duk tsawon shekarun nan, sarauta ce ke tsaye a bakin rumbu. Ita aka sa tsaron rumbun Nasara, ita aka sa tara hatsin OPVN, ita ake kira a yau in za a tantance mabuƙata ko a sasanta mai garka da makiyayi a kan rijiya. Dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya ta tabbatar musu da wannan aiki na sulhu. Gwamnatoci sun zo sun wuce, ofisoshi da yawa da aka ambata a sama babu su a yau, amma talaka bai daina zuwa ƙofar mai sarauta ba ranar da buhu ya yi tsada.

Tarihin nan ya nuna cewa farashin da aka yanka daga nesa ba tare da shawarar manomi ba, kasuwar dare yake haifarwa, tallafin da ya dogara ga aljihun wata ƙasa ko ga ma'adini guda kuma yana ƙarewa ranar da aljihun ya rufe. Abin da ya ɗore a Abzin shi ne abin da jama'a suka riƙe da hannunsu, wato ayari da garka da ƙungiya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin da ke gaban sarauta da dattawa da zaɓaɓɓu da shugabannin ƙungiyoyi a ƙarni na biyu sananne ne: ɗakunan ajiya da za su ba mai albasa da mai dankali damar jira, ciniki da sikeli, rance mai sauƙi da zai raba shi da bashin ranar cira, rumbun tsimi na gari da ake cikawa da kaka tun hatsi na da araha, da kuma neman a juya wani kaso na kuɗin ma'adinai zuwa ga waɗannan ayyuka. Kwal da uraniyom suna da ranar ƙarewa, kamar yadda Akokan ta shaida, ƴaƴan da ake haifa a yau kuwa da ƙorama da rijiya za su rayu.

Allah ya ja zamanin mai martaba, ya ƙara masa lafiya da basira da haƙurin jama'a. Allah ya jiƙan magabatan da suka riƙe wannan amana tun daga farko, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasar Abzin da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.